Duk Wanda Ya Gan Shi

Duk shekara a zango na biyu nake koya wa 'yan aji huɗu ire-iren rubutu. Nakan ja dogon layi a tsakiyar allo. A hagu in rubuta ƙagaggen labari, wato abin da mutum ya zauna ya ƙirƙiro da kansa. A dama kuwa sai abin da ya faru da gaske: rahoto, sharhi, maƙala, tarihin rayuwa, ta'aziyya, sanarwa. Makarantarmu a Sabon Gari take, ni kuma daga Fagge nake zuwa, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajina zai shaida maka haƙurina gajere ne. Yarinya ta kawo mini rahoton gobara ta cusa "abin tausayi" a ciki, sai in miƙa mata takardarta in ce ba wanda ya tambaye ta tausayinta, ta adana shi sai mun zo sharhi. Rahoto shi ne me ya faru, a ina, yaushe, wa ya gani. A sharhi ne ake ba ka dama ka tofa albarkacin bakinka. Tarihin rayuwa daga haihuwa ake ɗauko shi, a bi shi har inda ya tsaya. Ta'aziyya kuma ta mamaci ce, ba a yi wa mai rai. Kowane da gurbinsa, kuma ba na yafe wa wanda ya cakuɗa su.

Can ƙasan allo, inda hannuna ya riga ya gaji, nakan ƙara cigiya. A da ba na ɓata mata lokaci. Nakan ce 'yar ƙanwar sanarwa ce: abin da ya ɓata, kamanninsa, inda aka gan shi na ƙarshe, da wanda za a nema in an dace. Misalina kullum akuya ce, ja mai farin goshi, yara su yi ta dariya suna ƙara mata gemu da ƙaho. Na daina misali da akuya. Yanzu in na iso wurin sai in ce su kwafa kawai, in juya ina kallon taga.

Wata tela da kowa yake kira Mama ce ta ɗinka mini kayan makarantata na farko. Ibo ce, an kawo ta Kano tana amarya, ta buɗe shagon ɗinki a wani lungu bayan kasuwar Sabon Gari, ba ta kuma tashi daga wurin ba har kanta ya yi fari fat. Innata ba ta yarda da hannun kowane tela ba sai nata. Salla na ƙaratowa za ta riƙo hannuna mu tsallako daga Fagge da atamfa a leda, su zauna su yi ta musu. Inna ta ce an matse mata riga, Mama ta ce rigar ba ta da laifi, mai rigar ce ta ƙaru. Hausar Mama ta nuna sarai. Sai in ranta ya ɓaci ne "ka" da "ki" ke rikice mata, ta kira mace da "kai", mu kuwa da mun ji haka mun san lokacin tafiya gida ya yi.

'Ya'yanta manya duk kudu ta tura su karatu, can suka yi zamansu. Autan ne ya ƙi tafiya. Sa'ana ne, a ƙarƙashin teburin yankan uwarsa muka yi wasa muna tsintar ƙyallaye. Ya tashi da Hausa a bakinsa fiye da yaren iyayensa, irin Hausar 'yan kasuwa mai sauri da zolaya. Da ya girma ya kama rumfa a Kantin Kwari yana sayar da yadin maza. Bayan na zama malama, in na ratsa ta layinsu sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malama! A zo a duba mana allon shago, nawa za ki ba mu cikin goma?"

In ce sifili. Ya ce to a ƙara masa ɗaya don zumunci.

Wata safiya ya ce wa maƙwabcin rumfarsa ya sa masa ido a kan kaya, zai leƙa tashar jirgin ƙasa ya karɓo saƙo, yanzu zai dawo. Ya bar wayarsa a caji. Ya bar almakashi a kan bandir ɗin da ya fara yanka. Ba rikici a gari ranar, ba a ji labarin hatsari ba, ba wanda ya ga an ja shi ko an kira shi gefe. Masu shayi a bakin tasha wasu suka ce sun gan shi, wasu suka ce ba shi ba ne. Aka neme shi sama da ƙasa aka rasa.

Ina cikin aji aka ce wata tsohuwa tana nemana a bakin ƙofa. Na fito na tarar da Mama tsaye a rana, ɗankwalinta a karkace, abin da ban taɓa gani ba. Ta riga ta je wurin 'yan sanda, sun rubuta rahoto yadda ya kamata, suna da shekaru da lokacin fita, sun sa a fayil.

Ta ce, "Sun rubuta, sun ajiye. Wa zai karanta? Ni wanda za a faɗa a rediyo nake so, da Hausa, kowa ya ji. Ke ce malamar rubutu."

Muka zauna a ɗakin malamai na ɗauko biro. Na tambaye ta kamanninsa kamar ban san shi ba, don haka tsarin yake. Ta ce dogo ne, baƙi, mai wushirya. Na ce wane kaya ne a jikinsa? Nan ta gyara zama, don ita ta ɗinka rigar. Yadi ne ruwan ganye mai siririn ratsin fari, gajeren hannu, aljihu ɗaya a hagu. Maɓallin ƙasa kuma baƙi ne, ba irin sauran ba, don na asalin ya faɗi ta maye masa da wanda ta samu a gwangwani.

Na ce, "Mama, cigiya gajeruwa ce. Ba wanda zai tsaya duba maɓallin ƙasa."

Ta ce, "Ki bar shi."

Na bar shi. Sannan na rufe da abin da ake rufe kowace cigiya: duk wanda ya gan shi, ko ya ji labarinsa, ya taimaka ya kira wannan lamba. Na ɗago na ce wace lamba za mu sa? Ta ce ƙarar keken ɗinki ta cinye mata kunne, ba ta jin waya sosai, kuma in mutumin ƙauye ya kira da sauri ba za ta kama ba. "Sa taki." Na sa tawa ko tunani ban yi ba. A zatona abin mako ɗaya ne, auta ya dawo mu haɗu mu yi masa tatas.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadin. A shekarar an shigo da shi Kwari dila-dila, shi kansa auta ya sayar da shi ba iyaka. Rabin mazan Kano suna da riga ruwan ganye mai ratsin fari. Aka karanta cigiyar da hantsi, kafin azahar wayata ta ɗauki zafi. An gan shi a Wudil. An gan shi a Bichi yana cin tsire. An gan shi a bayan wata motar itace ta nufi Daura. Wani ya ce yana tare da shi a zaune, amma in fara turo masa katin waya kafin ya haɗa mu. Zagin da na yi wa mutumin nan sai da maigidana ya karɓe wayar daga hannuna, ya ce ko shi da yake gefe ya ji kunya. Akwai kuma wata tsohuwa da ta kira ba ta ga kowa ba, addu'a kawai ta yi, ta ce ita ma nata ya fita tun tana da ƙarfi. Ita ce ta sa ni kuka, ba ɗan damfarar ba.

Duk inda aka kwatanta mana kusa, muna zuwa. Mun je asibiti wurin wani da aka tsinta a gefen titi. Mun je ƙarƙashin gada wurin wani mai taɓin hankali. Mun je wani masallaci inda baƙo ya kwana biyu bai ce uffan ba. Ko'ina yadin ne, mutumin ne ba shi ba. A nan na lura da yadda Mama take yi. Ba ta fara kallon fuska. Za ta shigo idonta a ƙasa, ta bi rigar tun daga gindi, ta tsaya a kan maɓallin ƙarshe. In ta ga fari ne irin sauran, sai ta sauke numfashi, sannan ta ɗago ta gaida mutumin, ta yi masa sannu. Ban taɓa tambayarta ba ko numfashin na baƙin ciki ne ko na sauƙi, don ni ma ban san nawa ba.

Daga nan ni ma na fara ganinsa. Ina cikin Adaidaita Sahu a hanyar Fagge sai in hango bayansa a cikin masu tsallaka titi, in bugi kafaɗar direba in ce ya tsaya. Ranar Juma'a in an taso daga masallaci, sai in ga auta uku ko huɗu a cikin taron, alhali na san ba masallaci yake zuwa ba. Wata rana na bi wani dogon mutum daga bakin kasuwa har cikin lungu, ina sauri ina haki, sai da ya juyo ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce ya yi haƙuri. Ya dube ni, ya dubi rigarsa, ya ce, "Ko ke ce ta rediyo?" Na ce ni ce. Ya ce Allah ya bayyana, ya kuma ce daga ranar ba zai ƙara sa rigar ba.

Shekara ta zagayo Mama ta zo makaranta da sabon ɗankwali a ɗaure daidai, ta ce mu je a sake karantawa. Muka je. Haka ya zama mana al'ada, duk lokacin da ya fita in ya kewayo. Nakan sake rubuta cigiyar a sabuwar takarda, in ƙara masa shekara ɗaya, sauran kuwa ko wasali ba ya canzawa. Mutumin da ke karɓar sanarwa a gidan rediyon ya san mu har yana tashi ya ba Mama kujerarsa. Wata shekara ya karanta takardar, ya ce cikin ladabi, "Mama, rigar nan fa da wuya a ce har yanzu tana jikinsa. Ko mu cire ta?"

Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da nake koyarwa ke nan. Cigiya kamannin yau take so, ba na shekarun baya ba. Na buɗe baki zan goyi bayansa, Mama ta riga ni.

Ta ce, "To me zan ce ya sa? Ban ga wata ba."

Mutumin ya sunkuyar da kai ya buga hatimi.

Sannu a hankali yayin yadin ya wuce. Rigunan suka koɗe, suka koma jikin leburori, daga nan suka zama tsumman goge mota, daga nan suka ɓace. Na zaci zan samu sauƙi. Ashe ganinsa a jikin kowa ya fi mini rashin ganinsa ko'ina. Kira ya ragu har ya zama in an karanta cigiyar sai mutum ɗaya ko biyu, su ma addu'a ce. Mama ta ci gaba da zuwa bakin tasha duk ranar da aka ce jirgi zai shigo, ta tsaya kusa da masu shayi har fasinja su watse, ta koma shago. A jikin kekenta ta maƙale ragowar ƙyallen rigar da allura, wanda bai fi tafin hannu ba.

Ana nan sai babban ɗanta ya zo daga kudu. Dattijo ne shi ma, mai sanyin magana, Hausarsa ta yi tsatsa. Ya same ni a gida ya gaishe ni da girmamawa, ya ce dangin ubansu sun zauna sun yanke shawara. Shekaru sun yi nisa. Za a yi wa auta addu'a a cocin garinsu kamar yadda ake yi wa wanda ya rasu, don hankalin kowa ya kwanta, kuma Mama ta koma gida, ƙafafunta sun fara kumbura, ba mai kula da ita a nan. Bai faɗi abin da ba daidai ba. Duk da haka na ji raina ya ɓaci, har na kasa ce masa ya sha ruwa.

Su a al'adarsu ba a jana'iza sai da ɗan littafi. Mu a gidanmu mutum ya rasu da safe, kafin rana ta karkata an kai shi, ba hoto, ba takarda, sai addu'a. Su kuwa sai an buga hoton mamaci a bango, da ranar haihuwa da ranar rasuwa, a ciki da tsarin addu'o'i da waƙoƙi, da tarihin rayuwarsa, da kalaman bankwana na 'yan uwa. Kowa ya zo a ba shi ɗaya ya tafi da shi gida. Babban ɗan ya riga ya rubuta tarihin da Turanci. Amma Mama ta ce ba za ta taka mota ba sai an sa shafi guda na Hausa, don ita ce harshen ɗanta, kuma ni zan rubuta.

Na karɓa, don ban san yadda zan ƙi ba. Tarihin rayuwa kuwa abin hannuna ne. Na ɗauko shi daga haihuwa a Sabon Gari, na bi shi makarantar firamare, na sa yadda ya ƙi tafiya kudu, da yadda ya fara da ɗaukar wa wani Alhaji kaya har ya samu rumfar kansa, da yadda 'yan layinsu suke ba shi ajiyar makulli in za su salla. Biro na ta gudu har na iso safiyar da ya tafi tasha. A nan ya tsaya. Na sha gaya wa yara cewa tarihin rayuwa ana bin sa har inda ya tsaya, to ina nasa ya tsaya? Na gwada juya shi ta'aziyya, hannuna ya ƙi rubuta "marigayi". Na yi tsaki, na tashi, na dawo, na yi wa yarana faɗan da ba su san dalilinsa ba. Na ji haushin babban ɗan, na ji haushin auta da ya bar waya a caji kamar mai dawowa, na ji haushin layin da nake ja a allo. Ƙarshe na naɗe takardar yadda take, ƙasanta fari.

Mu uku muka je wurin mai buga littafin, ni da Mama da babban ɗanta. Shagonsa a Sabon Gari yake, kuma aikinsa ke nan tun yana saurayi, bangon shagon duk hotunan mutanen da ya buga wa ne. Haifaffen Kano ne, yana karanta Hausa sarai. Tsarin a shirye yake a kwamfutarsa, da furanni da farar tantabara, suna kawai yake canzawa da hoto da kwanan wata. Ya ɗora hoton auta, wushiryar nan tana waje. Ya shigar da shafin Turanci. A gurbin ranar rasuwa babban ɗan ya ce a sa ranar da auta ya fita, aka sa. Sannan mai shagon ya karɓi takardata ya fara bugawa, har ya kai ƙarshe ya juya bayanta.

Ya ce, "Malama, ba ki rufe ba. Nan ne ake cewa ya huta ranar kaza, ya bar uwa da 'yan uwa."

Mama ta ce, "Karanta mini tukuna."

Na karanta a tsaye, ina ɗaga murya saboda kunnenta da ƙarar janareta. Tana gyaɗa kai. Da na zo wurin makulli ta yi murmushi. Na karanta cewa wata safiya ya ce wa maƙwabcinsa zai je tasha, yanzu zai dawo. Na sauke takardar.

Ta ce, "Ci gaba."

Na ce, "Ya ƙare, Mama."

Ta ce, "Bai ƙare ba. Kin san sauran."

Na san sauran. Ba na bukatar takarda. Na ji bakina yana faɗa da kansa: dogo ne, baƙi, mai wushirya, yana sanye da riga ruwan ganye mai ratsin fari, gajeren hannu, aljihu ɗaya a hagu, maɓallin ƙasa baƙi. Duk wanda ya gan shi, ko ya ji labarinsa.

Mai shagon ya ɗauke hannunsa daga kwamfuta. Ya ce, "Haba Mama. Littafin jana'iza ne fa. Ba a cigiya a littafin jana'iza. A bango mun ce ya rasu, a ciki mu ce duk wanda ya gan shi? Mutane za su ce to wa muka taru a kai?"

Babban ɗan ya durƙusa kusa da kujerarta yana lallashinta da yarensu, a hankali, yana riƙe da hannunta. Ban ji abin da ya ce ba, amma na san lallashi in na gan shi. Ta bar shi ya gama. Sannan ta amsa masa da Hausa.

"Kai ka ga gawa?" Ta juyo kaina. "Kai, Malama, ka gani? Wa ya gani? Na yarda zan tafi. Na yarda za a yi addu'a, zan zauna a gaba, zan sa baƙi. Shafin Turanci naku ne, ku binne shi a can. Wannan nasa ne. A nan ba wanda ya binne shi."

Mai shagon ya rasa inda zai sa kansa, sai ya juyo gare ni, don ya san aikina.

Ya ce, "Malama, ke ce kike koyar da abin nan. Wannan wane irin rubutu ne? Tarihi ne, ko ta'aziyya, ko cigiya? Ni ban taɓa buga irinsa ba."

Ni da nake mayar wa yarinya takarda saboda kalma biyu da suka shiga gurbin da ba nasu ba, na tsaya ina kallon hoton auta a cikin furanni. Ba ni da sunan da zan ba shi, har yau ba ni da shi. Na ce, "Malam, buga kawai."

Ya dubi babban ɗan, don shi ne mai aikin. Mutumin yana durƙushe har lokacin. Ya tambaye ni da Hausarsa mai tsatsa me ake nufi da maganar maɓalli. Na gaya masa. Ashe duk shekarun nan bai taɓa jin cigiyar ba, rediyonmu ba ya kaiwa can. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya sauke hannun ya ce, "A sa. Duka a sa."

Mai shagon ya buga har ya iso "ya kira wannan lamba", ya dakata. Mama za ta tafi, shago za a rufe. Su ukun suka juyo suna kallona.

Na ce, "Lambar tana nan."

Ranar tafiya, da rana muka raka ta motar kudu. An sayar da teburin yanka, keken kuwa ta ce ƙafarta ƙafarsa, aka ɗaure shi a saman kaya. Kafin ta hau ta zare allura daga ɗankwalinta ta miƙo mini ƙyallen nan ruwan ganye. Ta ce idona zai iya mantawa, in riƙa dubawa. Ta ce kuma in lokaci ya kewayo kada in jira ta. Na ce to. Na so in faɗi wani abu mai kyau, irin wanda ake rufe maƙala da shi, ban samu ba. Na gyara mata jakarta a cinya na sauko.

An yi addu'ar, an raba littafin. Babban ɗan ya gaya mini a waya cewa mutane sun yi ta tambayar me shafin Hausar ya ce, yana fassara musu, wasu tsofaffin da suka taɓa zaman Kano suka karanta da kansu. Mama ba ta daɗe sosai a can ba. Nata littafin ya iso mini ta hannun wani direba, da hotonta cikin ɗankwali ɗaure daidai, da ranar haihuwa da ranar rasuwa, komai a rufe tsaf. Na karanta shi sau ɗaya na ajiye. Nata ba ya hana ni barci, na san inda take.

Na autan ne a cikin jakata, ƙyallen a tsakiyarsa. Duk shekara ina kai cigiyar gidan rediyo ni kaɗai. Wancan mutumin ya yi ritaya, wadda ta gaje shi ba ta san komai ba, takan tambaye ni ko ɗana ne, in ce ɗan uwana ne. An taɓa fizge mini waya a kasuwa, na yini a layi a rana don a dawo mini da lambata, maigidana yana cewa in sayi sabon layi mana in huta. Wani lokacin nakan tambayi kaina, in an kira an ce ga shi, wa zan kai wa labarin? Shagon Mama yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki. Tambayar tana tsorata ni, amma ba ta hana ni zuwa rediyo.

Bana yadin ya dawo Kwari. 'Yan kasuwa sun ce tsohon yayi ne aka sake bugawa, samari sun yi masa caa. Na fara hango shi a bakin tasha, da kan babur, da cikin masu tsallaka titi a Fagge, kullum yana ba ni baya, kullum shekarunsa na ranar da ya fita. Ni na yi furfura, shi ko ɗaya.

Ba na yarda ɗalibi ya shigo mini aji da waya, kowa ya sani. Tawa kuwa tana kan tebur kusa da alli, fuskarta sama. Makon jiya, kwana kaɗan bayan an karanta cigiyar, ina tsaye a ƙasan allo na rubuta kalmar cigiya ke nan, ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Na ce wa yara su ci gaba da kwafa, na fita baranda na ɗaga. Wani mutum ne, muryarsa cikin hayaniyar motoci, ya ce ya ji sanarwa, kuma ga wani dogo baƙi zaune a benci a gabansa da irin rigar, shi kaɗai, kamar mai jiran wani.

Na ce, "Malam, don Allah kada ka kashe. Matsa kusa da shi, ka duba mini maɓallin ƙasa."